Zumar da Ta Tare a Aji Uku

Daren jiya mafarki ya ɗauke ni ya kai ni garinmu, sai dai na tarar an rataye garin a bishiya. Wata ƙatuwar ɗorawa ce, kowane gida an ɗaure shi da igiya a reshensa, masallaci a can sama, mahauta a ƙasa-ƙasa don kada jini ya ɗiga wa kowa a ka. Gari ya yi haske tas, amma rana ba ta nan. Na tambayi wata mata da ke share reshen ƙofar gidanta, ta ce ai ba a jawo ta ba tukuna, tana cikin rijiyar makaranta. Na ce to, na yi mata sannu da aiki na wuce.

Kafin in yi nisa, bari in faɗi abin da na kwanta da shi a rai. Sunana Nomau, ɗinki ne sana'ata, kuma ina cikin ƙungiyar masu kiwon zuma ta garinmu. Da daminar nan Allah ya yi wa Sarkin Zumarmu, Baba Arzika, rasuwa. Ba a jima ba zumar babbar amyarsa ta tashi, duk faɗin dajin nan ta rasa wurin sauka sai cikin silin ɗin aji uku na firamare. Ta harbi ɗalibai, ta harbi mai sayar da awara, ta harbi hedimasta, Malam Shekarau, a fatar ido. Malam Shekarau mutumin kirki ne, ya yi haƙuri har ya gaji, sannan ya aiko mana cewa in gari ya waye ba mu kwashe abarmu ba, zai yi mata feshi. Zumar nan kuwa babu kamarta a yankinmu, rabin amyoyinmu 'ya'yanta ne suka cika su. In ta mutu, ɗan abin da ya rage mana na tsohon nan ya tafi ke nan.

Zuma ba ta shiga amya sai an turara ta, kuma a nan matsalar take. Kowane ɗan ƙungiya yana da haɗin turaren da ya gada, ko matarsa ba ya bari ta gani. Don haka kowa ya zo da tasa amyar, wai kada turarensa ya gauraya da na wani, ya sa aka juya masa baya ya turara, ya rataye ta a darbejiyar da ke jikin ajin. Zuma ko kallo ba ta yi ba. Kowa ya sauke amyarsa ya koma gida da kumburarren kunne. Jiya muka tashi taro ba wanda ya yi wa wani sallama, na kwanta ina jin haushin kowa.

To a mafarkin ni dillalin gidaje ne. Ban san yaushe na zama ba, amma ga tarin makullai a ƙuguna, babu ko ɗaya da ke buɗe wani abu. Na bi igiya na gangara makaranta. A ƙofar aji uku na tarar da Malam Shekarau ya goya tankin feshi da zani, yana ɗan jijjiga shi don kada ya farka.

"Barka da asuba, Malam," na ce.

"Barka kadai, Nomau. Ka ga maigadi can? Da ya jawo rana ta iso bakin rijiya zan fara. Ba da son raina ba ne."

Na duba, ga maigadi yana jan igiyar guga, ya ja sau biyu ya tsaya ya ɓantari goro.

"Nauyi gare ta yau," in ji shi. "Jiya da zafinta aka mayar da ita, ta kwana tana shan ruwa."

Na roƙe shi ya ci goronsa a tsanake, na shiga aji.

Uwar zuma tana zaune a kujerar malami. Girmanta ya kai na mace mai jiki, ta sha atamfa baƙi da ruwan ɗorawa, ga jaka a cinya. 'Ya'yanta sun cika bencina har saman taga, suna biya karatu da murya ɗaya: ɗorawa, kaɗanya, gawo, marke. Na durƙusa na gaishe ta, na shiga aikina.

"Iya, gida na samo miki. Sabuwar amya ce, saƙar bana, an yaɓe ta da kashin shanu mai kyau. Ƙofa tana kallon gabas, ba tururuwa, ba maƙwabci mai rediyo."

"Na leƙa," ta ce. "Ba laifi. Amma ba ta ƙanshin gida."

"Iya, kashe ku fa za a yi."

"An faɗa mini. Kai ka taɓa ganin an tare a ɗakin da hanci bai sani ba?"

"To yaya ƙanshin gidan yake?"

"Je ka tambayi Arzika."

"Ai ya rasu, Iya."

"To ai yanzu ya fi samun sukuni," ta ce, ta juya ga allo.

Sai ga ni a kasuwar hayaƙi. A can ninke shi ake yi turmi-turmi, a jera a tebur, a danne da dutse don kada ya tashi. Akwai hayaƙin tuwon da ya kama, akwai na tsire wanda 'yan birni ke saya su rataya a falo, akwai na motar da ba ta iso ba tukuna. Na murza wani turmi irin yadda muke yi a shago, na ji zai zuba in an wanke. Da atishawa ake biya, shi ya sa masu mura ne attajiran kasuwar, in sun taho ana ba su hanya.

Babbar rumfa ta wani ƙadangare ce mai jan kai. Na yi sallama.

"Kana da turaren Baba Arzika?"

Ya gyaɗa kai.

"Ko babu?"

Ya gyaɗa kai.

Wata tsohuwa mai sayar da hayaƙin fitila a gefensa ta ce, "Ɗan nan, kada ka wahalar da kanka. Haka yake yi wa kowa, shi ya sa aka naɗa shi shugaban kasuwa. Turaren amya ba ya zuwa nan, masu shi a kansa suke zama. Je wurin mutanenka."

Na yi mata atishawa ɗaya ta godiya, ta ce ta yi yawa, ta mayar mini da tari.

Taron ƙungiya a wani reshe mai faɗi ake yinsa. Kowa ya shige cikin amyarsa, ƙafafu kawai ke waje. Na gane shugabanmu Alhaji Barau da takalminsa sau-ciki, na gane Inna Kande, mai haɗa man shafawa da kakin zuma, da lallen ƙafarta, Jatau kuwa da fasonsa, wanda ba ya ɓoyuwa ko a farke. Alhaji Barau ya buɗe taro da addu'ar rufewa, don a rage ɓata lokaci. Magana ɗaya ce a gabansu: a je a yi wa zuma ta'aziyya tun yanzu, tunda in an yi feshin ba za a sami mai karɓar gaisuwa ba.

"Me za mu riƙa musu na sadaka?" in ji Jatau. Ta hanci yake magana.

"Zuma mana," in ji Inna Kande.

Aka ɗaga manyan yatsun ƙafa, aka amince.

Na ce, "Jama'a, ba su fa mutu ba tukuna. Cikinku wa ya san turaren Baba Arzika?"

Duk suka amsa lokaci guda, kowa na cewa ai kusan nasa ne, wurin ubansa tsohon ya ɗan leƙa. Na ce to kowa ya nuna nasa a gwada. Nan take ƙafafu suka fara ja da baya.

"Nawa na kai shi ajiya inda ni kaina ban sani ba," in ji Alhaji Barau.

"Nawa na ɗinke shi cikin filo," in ji Inna Kande. "Filon ma ya daina barci, gadi yake yi."

"Ni haɗiye nawa na yi," in ji Jatau. "Shi ya sa ba na buɗe baki."

Na tsaya ina kallon tafin ƙafafun manyan mutane, masu jikoki, raina a ɓace. Rai dubu nawa ke jiran mutuwa, su kuma suna zaune a kan ƙullin tsumma. Ban faɗa a fili ba, don Alhaji Barau ya girme ni, amma a zuci babu wanda ban wanke ba.

Na ci gaba da hawa. Na wuce masallaci, na wuce gidan ladan, na kai inda rassa suka ƙare. A nan na sami Baba Arzika zaune a kan babu, ya miƙe ƙafa ɗaya, yana saƙa amya da ciyawar gamba. Bai canja ba, sai ɗan haske da ya ƙara.

"Nomau ne? Ya haƙuri? Na ji kun yi rashina."

"Haƙuri sai ma'abocinsa, Baba."

"Allah ya ba ku dangana. Mutumin kirki ne, sai dai surutu."

Na zauna kusa da shi, ni ma babun ta ɗauke ni. Ganinsa ya sa na ji kewar da ban san ina da ita ba. Na faɗa masa komai, aji uku, tankin feshi, ranar da ake jawowa. Na ce ya taimaka ya faɗa mini haɗin turarensa, ba zan gaya wa kowa ba.

Ya yi dariya har amyar ta faɗi daga hannunsa, ta tsaya a iska tana jiransa.

"Ni ban taɓa mallakar turare ba, ɗan nan. Ubana maƙeri ne, me zai bar mini ban da guduma?"

"To da me kake turara amyoyinka?"

"Da ku. In lokacin rataye amya ya yi, na san ranar da kowannenku ke kunna wutarsa a bayan ɗaki. Sai in saka babbar rigata in tafi gaisuwa. In zauna inda iska ke kaɗowa, in baza riga, in kama labarin gwiwata. Mutum yana ɓoye ƙullinsa a baya, hayaƙi kuwa ba shi da baya. In riga ta sha in tashi in tafi gida na gaba. Da yamma in cusa ta cikin sabuwar amya ta kwana. Shi ke nan."

Sai na tuna yadda yake zuwa gidana ya zauna ya ƙi tashi, ina ta addu'ar Allah ya kawo abin da zai kore shi. Na ce, "Baba, ni na ɗauka kunun Ladidi ke kawo ka."

"Kunun matarka ma ina so," ya ce.

"Ina rigar take yanzu?"

"Ku za a tambaya. Kun wanke ta da sabulu har sau biyu kun ba ladan."

Na duba jikina, ashe babbar riga ce a wuyana, ɗinkin hannuna. Na ce, "In suka ƙi kunna wuta fa?"

"Ka zauna kawai. Ba a haifi wanda zai jure labarin gwiwa ba." Ya kama gwiwarsa ya murɗa, ta fita, ya miƙo mini. "Ungo aro. Ni a nan ba na zuwa ko'ina."

Na cire tawa na ba shi riƙo, na ɗaura tasa. Nan take ta fara ciwo, labari kuma ya fara zubo mini a baki tun ban sauko ba.

Alhaji Barau na fara yi wa. Na zauna a bakin amyarsa na baza riga, na ɗauko ciwon tun daga shekarar da jaki ya taka ta, na bi ta kan mai ɗorin da ya ɗora ta a karkace, na shiga magungunan da aka gwada ɗaya bayan ɗaya. Ya yi gyaran murya. Ya ce yana da baƙi. Ya ce ana kiran salla, alhali ba a yi. Da na kai kan yadda take yi in hadari ya haɗo, sai na ji ƙyas, ya tuna inda ya kai ajiyar, ya kunna turarensa ya turo mini hayaƙi don ya kore ni, yadda ake korar zuma. Na zauna riga ta sha ta ƙoshi, na yi masa godiya.

A wurin Inna Kande ban yi nisa ba filon ya fito da kansa ya ce shi ya gaji, gara a ƙona abin kowa ya huta. Ya farke ɗinkinsa ya zazzage a garwashi, ya kwanta nan take yana minshari. Jatau ne ya fi taurin kai. Ya datse baki, idanunsa suka yi ja, har na kai kan ranar da gwiwar ta yi ƙara a sahun gaba. A nan hamma ta ci ƙarfinsa, hayaƙi ya fito shuɗi mai kauri, na tare da hannun riga.

Rigar ta yi nauyi har ta ga ba ta buƙatata. Ta zame daga jikina ta shiga gaba, tana tafe tana gaisawa da mutane, suna amsa mata da girmamawa, ni kuma ina biye da singileti ba mai kula ni.

Muka iso makaranta an fara ganin gefen rana a cikin guga, ja, tana ɗigar ruwa. Maigadi ya ce in yi haƙuri, goro ya ƙare. Malam Shekarau ya kwance goyo, tankin ya farka. 'Yan ƙungiya kuma sun iso ta'aziyya, sun jeru cikin amyoyinsu a gindin darbejiya da kwalbar zuma a gaba. Rigar ta hau bishiya, ta ninke kanta, ta shige sabuwar amya.

Uwar zuma ta fito da jakarta, 'ya'yanta na biye, kowace da saƙar zuma a ka kamar masu kai kayan ɗaki. Ta tsaya a ƙofar amya ta shaƙa, ta lumshe ido.

"Barau," ta ce. "Jema da ƙaron hano. Har yanzu yana cika hannu." Ta sake shaƙa. "Kande, ɗoɗɗoya. Wannan kuma Jatau ne, ya ɗan kwana a ciki, amma shi ne." Ta buɗe ido. "Saura mutum ɗaya."

"Iya, Baba Arzika ba shi da turare."

"Na sani. Akwai wani ɗan ɗaci-ɗaci da ke zuwa a ƙarshe. Daga gidan wani tela yake ɗauko shi."

Hannuna ya tafi kan hulata ba tare da na aike shi ba. A nan ƙullina yake. Sai na ji motsi a gindin bishiya, kawuna suka fara fitowa daga amyoyi, karo na farko tun da aka fara mafarkin. Wuyan Alhaji Barau ya yi ta tsawo har ya iso kafaɗata, na Inna Kande ya zagayo ta ɗaya gefen, na Jatau ya leƙo ta ƙarƙashin hammatata.

Na ce, "Iya, ko za su ɗan juya baya?"

"Su a gabanka suka ƙona nasu," ta ce.

Na tsaya. Ga rana ta kusa taɓa bakin rijiya, ga yara da kaya a ka suna kallona, ni kuma abin da ke raina shi ne ranar da babana ya rufe ƙofa ya nuna mini haɗin nan, ya ce ko ɗan'uwana kada ya gani. Wallahi sai da na yi tunanin in ce na manta shi a gida. Kunya ce ta hana ni, ba kirki ba.

Na cire hula, na kwance ƙullin. Busasshen ɓawon lemun tsami ne da 'yan ƙwayoyin kajiji.

"Shi ke nan?" in ji Inna Kande.

"Wannan ai kullum a bola nake zubarwa," in ji Alhaji Barau.

"Ni na ɗauka da gashin damisa a ciki," in ji Jatau, ransa a ɓace.

Na tara shi a kasko a ƙarƙashin amya na ɗauko ashana. Na ƙyasta ta farko, ɗigon ruwa ya fito. Na ƙyasta ta biyu, ta yi sallama ta mutu. Saura ɗaya a kwalin. A bayana Malam Shekarau ya fara tuƙa hannun tankin, yana ba ni haƙuri, ƙarfen yana kuka a hankali, ƙiii-ƙaƙ, ƙiii-ƙaƙ. Uwar zuma ta ɗaga ƙafa ɗaya ta ɗora a ƙofar amya, ta tsaya a haka tana jirana. Na kama ashanar ƙarshe, ƙarar kuma tana ƙara kusantowa.

Na buɗe ido. Famfon tuƙa-tuƙa ne na bakin layinmu, matan maƙwabta sun fito ɗiban ruwa. Gari ya fara fari-fari, rana ba ta fito ba tukuna.

Na yi alwala na yi salla a gurguje. Na jawo babbar rigata daga ƙasan akwati na zura, na ɗaga katifa na ciro ƙullina. Ladidi tana tsugune tana hura wuta, ta ɗago ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Malam, ina zuwa da rigar Idi da sassafen nan?"

"Gaisuwa."

"Wa ya rasu?"

"Ba kowa tukuna," na ce.

Ta kalli hannuna. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ganin cikin tsumman nan ba. Na kwance shi na nuna mata, ta leƙa ta ce, "Au, dama don wannan kake kulle ni a waje?" Na ce e, don shi ne.

Ban sake ɗaure shi ba. Gidan Alhaji Barau na fara nufa, ina sauri ina ɗan ɗingishi don in saba, ƙullin a buɗe a tafin hannuna.